Sandunan golf da suka ci min rabin kuɗin fuloti

A farkon 2024, lokacin da dala ta kai wajen naira 1,500, na ciri miliyan 2.85 daga kuɗin da nake tarawa don sayen fuloti, na yi odar sandunan golf sababbi dal: direba ɗaya, wato doguwar sandar bugun nesa, a kan dala 600, da jerin sandunan ƙarfe bakwai, daga lamba 4 zuwa wejin farko (weji gajeriyar sanda ce ta ɗaga ƙwallo sama in an kusa rami), a kan dala 1,300. Bayan wata takwas na sayar da su duka a kan miliyan 1.35. Zagaye talatin na buga da su. In ka raba asarar miliyan ɗaya da rabi gida talatin, kowace fita fili ta ci min naira dubu 50 a kan sanda kawai, ban da kuɗin kulob, ban da na kadi mai ɗaukar min jaka, ban da ƙwallo. Har yau in na yi wannan lissafin sai raina ya ɓaci, domin sandunan ba jabu ba ne, ba kuma wanda ya cuce ni. Kaya ne masu kyau, amma ba don irin hannuna aka ƙera su ba, kuma awon minti ashirin da ya isa ya nuna min haka kafin in tura kuɗin.

Matsalar daga ƙota take. A jikin kowace ƙota akwai harafin da ke nuna taurinta: L, A, R, S ko X, daga mai laushi zuwa mai tauri. Ni S na saya, saboda ita na ga manyan 'yan wasan kulob ɗinmu suna riƙewa. A bisa al'ada, S ta mutumin da ke kaɗa direba da gudun mil 95 zuwa 105 a awa ce, R kuma ta mai mil 85 zuwa 95. Ranar da wani koci a Abuja ya tsayar da ni gaban na'urar auna bugu, sau goma na kaɗa, ba wanda ya wuce 87. Ƙotar da ta fi ƙarfinka ba ta lanƙwasa ta dawo a kan lokaci, sai fuskar sandar ta iso ƙwallo a buɗe, ƙwallon ya tafi ƙasa-ƙasa ya karkata dama in kai badame ne. Wata takwas ina ta sauya tsayuwa da riƙo, ina zargin kafaɗata, alhali ciwon yana cikin jaka.

Na ƙara da kuskure na biyu a kan direban. Kwanciyar fuskarsa digiri 9 ce. Mai gudun mil 85 yana bukatar digiri 11 ko 12 don ƙwallo ya tashi sama ya daɗe a iska. Da digiri 9 ƙwallona yana faɗuwa a yadi 170 da ɗoriya. Da kocin ya miƙo min wani tsohon direba mai digiri 12 da ƙotar R, a take na'urar ta nuna 190. Direban nan ya shekara shida da fitowa. A nan na gane abin da ya kamata duk mai shirin kashe kuɗi ya sani: dokar wasan ta ƙayyade girman kan direba, bai wuce cc 460, ta kuma ƙayyade yadda fuskarsa za ta iya cilla ƙwallo, kuma kamfanoni sun daɗe da kaiwa wannan iyakar. Abin da sabon samfuri ke ƙara maka ɗan sassauci ne in ka bugi ƙwallo da gefen fuska. Nisan da ake tallatawa kuwa, in ka sami tsakiya, da wuya ya wuce 'yan yadi kaɗan tsakanin na bana da na shekara biyar baya, amma farashin ninki biyu ne ko uku.

Sandunan ƙarfen su ma haka. Iri biyu ne a kasuwa: masu siririn kai da aka buga daga ƙarfe mai laushi, da masu rami a bayan kai da aka zuba a mazubi, yawanci da ƙarfen da ba ya tsatsa. Na farkon na ƙwararru ne, wurin da za ka buga daidai a fuskarsu bai fi kan babban yatsa ba. Na biyun an kai nauyinsu gefe-gefe, ko ka kauce wa tsakiya ƙwallo zai je kusa da inda ka nufa. Na ɗauki na farkon don kyan gani, kallon kitse na yi wa rogo. Ga shi kuma filayenmu ba irin na Ingila ba ne. Da rani ciyawa ta ƙone, abin da ke ƙarƙashin ƙwallo jar ƙasa ce mai tauri da tsakuwa. Ƙarfe mai laushi bai jure wannan. Cikin hunturu ɗaya gindin lamba 7 da lamba 8 ya cika da tabo, tsagogin fuskar weji sun fara shafewa, kuma wannan tabon ne mai saye ya nuna min da yatsa ya zaftare farashi. Kadina ya taɓa ce min, "Ranka ya daɗe, waɗannan na masu buga ƙasa da tamanin ne." Ina buga 98 a lokacin, wato yawan bugun da nake yi kafin in gama rami 18, kuma a golf mai ƙarancin bugu ne gwani.

Abin da na saya a madadinsu na hannu ne: sanduna shida masu rami a baya, lamba 5 zuwa weji, ƙotar R, da direba mai digiri 12. Duka naira dubu 620, har da sauya robar mariƙi. Cikin wata uku na sauko 91. Ban ce sanda ce kaɗai ta yi aikin ba, na ɗauki darasi shida a wajen koci a tsakanin. Amma kuɗin darasin shida bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na yi asara ba.

Sayen na hannu yana da nasa tarko, don haka kada ka biya sai ka duba da hannunka. Riƙe kan sanda da hannu ɗaya, mariƙi da ɗayan, ka murɗa su saɓanin juna. In ka ji ƙara ko motsi, gam ɗin da ya haɗa kai da ƙota ya saki. Wannan gyara ne mai sauƙi, amma dalili ne na rage kuɗi. Kwantar da ƙotar ƙarfe a gefen tebur ka mirgina ta, in tana tsalle ta tanƙware. Tsatsar da ta huda ƙota ta yi ƙananan ramuka, bar ta, wata rana a hannunka za ta karye. Ƙotar girafait kuwa ka duba inda take gogar bakin jaka: in fenti ya ci har zare ya fito, ta gama aiki. Sa farce cikin tsagogin fuska, ya kamata farcen ya maƙale, in ya zame sumul to sandar ba za ta juya ƙwallo ba. Jera sandunan a bango, kowace ta fi ta kusa da ita da rabin inci, kuma tambarin ƙotocin ya zama iri ɗaya. Jerin da aka harhaɗo daga jaka uku ba ya ba ka tazara daidai, wadda ya kamata ta zama yadi 10 zuwa 15 tsakanin lamba da lamba. Direba kuma ka girgiza shi kusa da kunne, sannan ka ɗora gefen katin banki a fuskarsa. Lafiyayyar fuska tana da ɗan tudu, katin zai yi lilo. In ya kwanta ɗam, fuskar ta lotsa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: fuskar direba ta gaskiya taitaniyam ce ko kabon, ba ta kama maganaɗisu, wasu jabun kuwa da ƙarfe ake yin su. Wannan gwajin na direba ne kawai, don ƙananan sandunan nesa da yawa dama da ƙarfe ake yin fuskarsu.

Doka ta ce kada jaka ta wuce sanda 14, in ta wuce akwai tarar bugu biyu a kowane rami, har zuwa bugu huɗu a zagaye ɗaya. Ba ta ce dole sai ka cike 14 ba. Wanda bai sauko ƙasa da 100 ba, takwas sun ishe shi: direba, haibirid (sandar da ke tsakanin direba da sandunan ƙarfe) mai digiri 22, lamba 6, 7 da 9, weji biyu, da fota, wato sandar gangara ƙwallo cikin rami. Lamba 3 da 4 na ƙarfe kuɗin banza ne ga irinmu, lamba 4 ɗin da ke cikin jerin da na yi oda bai fi sau goma na zaro ta ba. Ka kuma duba inda bugun ke tafiya. A fili mai rami 18, direba bai wuce fita sau 14. Fota kuwa, ga mai buga 95, tana fita sau 34 zuwa 36, kuma fotar shekara ashirin tana aiki kamar ta jiya muddin tsawonta ya dace da kai. Wejin yashi ne kawai zan ce a saya sabo in da hali, saboda tsagoginsa ne ke aiki, kuma suna fara dakushewa bayan kamar zagaye 75, a ƙasarmu ma kafin haka. Ka nemi mai digiri 56 wanda tudun gindinsa bai wuce digiri 8 ba. Mai digiri 12 ko 14 na yashi mai laushi da ciyawa mai kauri ne, a kan busasshiyar ƙasa sai ya yi tsalle ya sari ƙwallo a ciki.

Ƙwallo shi ne ramin da kuɗi ke zurarewa ba a ji. Irin su Pro V1 ƙwallaye ne masu kyau, fatarsu mai laushi ce don su kama tsagogin weji su tsaya cak a kan koriyar ciyawa. Dozin ɗinsu ya haura dala 50. In kana zubar da uku ko huɗu a kowane zagaye, musamman a fili mai ruwa kamar na IBB a Abuja, dozin ba ya kai ka ƙarshen wata. A wasu filayen Arewa kuma wurin rami ba ciyawa ba ce, yashi ne gauraye da mai da ake jan abu a kai a daidaita shi. A can juyawar da ka biya kuɗi dominta ba ta da wani tasiri, tsakuwa kuma tana yage fatar tun ramin farko. Ƙwallo mai ɓawo biyu da fata mai tauri rabin kuɗin ne ko ƙasa, ya fi jure duka, ya fi tafiya a miƙe. Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kansa, don hannunka ya saba da yadda yake fita daga fota. Waɗanda yara ke tsintowa a jeji ba laifi in ba su tsage ba, amma wanda ya daɗe cikin ruwa har ya sauya launi ya rage nisa.

Inda ban yarda a yi ƙoro ba shi ne robar mariƙi. Iskar hunturu tana busar da ita ta yi santsi, sai ka riƙa matse sanda ba ka sani ba, bugu ya lalace, ka fara tunanin sabon jeri. A sauya ta duk shekara ko bayan zagaye 40, a riƙa wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu duk wata. Safar hannu ka sayi biyu ta roba kana musanyawa, ta fata ba ta kwana da gumin bazara. Kada kuma ka bar jaka a but ɗin mota da rana: zafin yana sassauta gam, yana ƙona roba.

Yanzu kuɗin golf asusunsa daban, kashi biyar cikin ɗari na albashi, yana fita da kansa ranar da aka biya mu, bayan an cire na ajiya da zubin adashi. Daga ciki ake fara biyan abin da ba makawa: kuɗin shekara na kulob, kadi, ƙwallo, safa, roba. Abin da ya rage shi ne na sanda, in bai kai ba a jira. Duk abin da ya haura dubu 100 ina rubuta shi a takarda da kwanan wata, in bar shi kwana 60, kuma ba na saya sai na buga irinsa a fili, ko aro a wajen aboki ko na gwaji a wajen koci, na ga lambar da na'ura ta nuna. Cikin abu biyar da na rubuta bara, ɗaya kawai na saya. Na daina yin oda da dala gaba ɗaya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farashin kayan waje yana iya sauyawa tsakanin ranar da ka yi oda da ranar da kaya suka iso, ga kuɗin dako da na kwastan, sannan ranar sayarwa da naira za a taya maka, a cikin ƙaramar kasuwar da kowa ya san kowa kuma ya san ka matsu. Allon sanarwa na kulob da 'yan wasan da ke barin gari sun fi kowane kanti araha, kuma za su bar ka ka buga rami tara da kayan kafin ka biya.

Fulotin da nake nema a lokacin an sayar wa wani. Na kusa da shi, da na koma tambaya bayan shekara, kuɗinsa ya ƙaru da fiye da abin da na samu a sandunan da na sayar. Direban mai digiri 12 yana nan a jakata, na sauya masa roba sau biyu, kuma a awon ƙarshe da na yi gudun hannuna mil 88 ne, har yanzu cikin iyakar R.