Godiya ga jama'ar layinmu na Aboabo kan ɗan tsakon yarona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga ya kamata in fito fili in yi godiya tunda ba kowa na samu na gaisa da shi ido da ido ba daren jiya.

Waɗanda ba su ji ba, 'yan tsakin yarona ne, na gidan gona, da kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya siyo su kuma ko sati ba su cika ba. Ana kiran magariba aka ɗauke wuta, muna ta ƙoƙarin haɗa kaskon gawayi don kar sanyi ya kama su, ashe ɗaya ya bi ta gefen kwalin da ya jiƙe ya fice, ya bi ƙarƙashin ƙofa sai lungu. Kun dai san layinmu, ga gwata a buɗe, ga kyanwoyi, ga masu pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, da ba sa tsayawa, ga kuma hadari ya haɗo. Yaro sai kuka.

Godiya ta farko ga Hajiya mai koko. Wallahi Mma da ba ki fito ba da labarin ya sha bamban. Yara sun taru kowa na son ya zama shi ya kama, ita ce ta daka musu tsawa ta ce kowa ya tsaya inda yake, ba a bin ɗan tsako da gudu, in ka kore shi ƙara shigewa rami zai yi ko wani ya taka shi a duhu. Ta ce a yi shiru a saurara. Da aka yi tsit sai ga kukansa ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin kwantenar mai ɗinki. Sai ta sa aka ɗauko kwalin 'yan uwansa aka ajiye a bakin wurin, aka haska tocila a ƙasa ba a idonsa ba, su suna kuka shi yana amsawa, a hankali a hankali ya fito da ƙafarsa. Ta sa tafin hannu biyu ta kwaso shi ta ƙasa, yatsunta sun rufe fukafukan amma ba ta matse ba, ta ce min 'yata kar ki taɓa ɗaga shi ta ƙafa ko fiffike, kuma in kin danne masa ƙirji numfashi kika hana shi.

Ni da na karɓe shi ruwa na nufa in ba shi, ta ce a'a ɗumi tukuna. Cikin zaninta ta sa shi sai da ya daina rawar jiki sannan aka tsoma masa baki a ruwa mai ɗan sikari. Abin da ma'aikatan dabbobi ke faɗa kenan, satin farko suna son zafi wajen digiri 32 zuwa 35 saboda gashinsu bai iya riƙe ɗumi ba, ita ba ta da ma'auni amma ta sani.

Na gode wa mai ɗinki da ya bar aikinsa ya kwanta a ƙasa da kayansa masu kyau, da ɗan pragya da ya kashe inji ya tare hanya har aka gama, ban san sunanka ba ɗan uwa amma Allah ya san ka. Yaran makaranta ma kun yi biyayya, Allah ya yi muku albarka. Na ji wani na cewa duk wannan kan tsako ɗaya? Eh, rai ne, kuma Malam ya tuna mana hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

Yanzu tsakon yana cikin 'yan uwansa yana ci yana sha, kawun yarona ya kawo katako da waya zai haɗa musu akurki mai ƙarfi. Sannan masu 'yan tsaki a unguwa, lokacin rigakafin Gumboro, cutar da ke kama 'yan tsaki, ya kusa, kwalba ɗaya ta kaji 1000 ce kuma in an haɗa ta da ruwa ba ta kwana, duk mai so ya leƙo gida mu haɗa kuɗi mu raba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.