Tsohon faifan rok, sabon haɗi: me ke fusata masu saurare?

Duk sanda aka sake fitar da tsohon faifan rok, masu saurare kan rabu gida biyu, kuma rabin gardamar na tasowa ne saboda ba a duba abin da aka taɓa ba. Hanya biyu ake bi wajen sake fitarwa: rimasta da rimiks. A rimasta, injiniya tef ɗin ƙarshe yake ɗauka, wanda aka riga aka haɗa komai a kansa, ya gyara kaifi da kauri da ƙarfin sauti. Ba shi da ikon ɗaga murya ya bar ganga. A rimiks kuwa, komawa ake yi kan tef mai layuka da yawa, a sake shirya waƙar: wa zai tsaya hagu, wa zai zo tsakiya, amsa-kuwwa nawa za a sa.

Faifan Sgt. Pepper na ƙungiyar Beatles ta Ingila ya isa misali. A 1967 an naɗe shi a situdiyon Abbey Road na Landan da na'ura mai layi 4. In layukan sun cika, sai a juye su zuwa layi ɗaya ko biyu na wani tef don a samu wuri, kuma kowane juyi na ƙara ƙarar shuu, yana dusashe kaifi. A 2017 furodusa Giles Martin da injiniya Sam Okell suka koma kan tef ɗin farko, na kafin juyi, suka jera su tare. Shi ya sa gangar Ringo Starr, makaɗin Beatles, ta fito fili. Sun kuma dawo da murya tsakiya, suna bin haɗin mono (sauti ɗaya a kunne biyu), wanda shi mawaƙan suka tsaya aka yi a gabansu. Masu ji da hedifon sun yi murna, don tsohon sitiriyon, mai raba sauti hagu da dama, yakan jefa murya kunne guda. Wasu kuma suka ce bes (jita mai kaurin sauti) da ganga sun yi nauyin da ba na zamanin ba, kuma suna da gaskiyarsu. Amma tsohon haɗin na nan a kasuwa, don haka rigimar ba ta yi nisa ba.

Abin da jama'a ba sa yafewa shi ne a sauya aikin, sannan a ɓoye na asali. A 1987, da za a mai da fayafayen farko na ƙungiyar ZZ Top kan sidi, an lafta wa gangar amsa-kuwwa irin ta shekarun 1980, kuma sai a 2006 ainihin haɗin faifansu Tres Hombres ya fito a sidi. Na mawaƙi Ozzy Osbourne ya fi muni. A 2002, ana tsaka da rikicin kuɗi, aka cire bes ɗin Bob Daisley da gangar Lee Kerslake daga fayafayensa biyu na farko, aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake bugawa. Masoya suka yi ca, a 2011 aka dawo da na asali.

Shi rimasta, laifinsa yawanci matse sauti ne. Ana danne ƙololuwar bugun ganga don a ɗaga komai sama. Da farko sai ka ji waƙar ta cika, bayan ɗan lokaci kunne ya gaji. Ribar ma ta ragu, tunda manhajar Spotify na daidaita ƙarfin waƙoƙi kusa da -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), sai wadda aka matse ta koma lami.

Kafin ka yanke hukunci, ka sani kunne kan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da da desibel 1 ne, wato ɗan bambanci kaɗan. Loda tsohon da sabon a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka kai su ƙarfi ɗaya, ka daidaita su a kan bugun ganga na farko. Riƙa sauyawa duk daƙiƙa 15 zuwa 20, kana bin abu guda: bugun ƙaramar ganga, ko yadda ƙarar farantin ƙarfe na ganga ke mutuwa. In sun fara tare suka rabu a hanya, gudun tef ne ya bambanta, sai ka sake daidaita su a farkon kowane baiti.