Na gode, ko da yake hannun hagun bai tashi ba tukuna

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiya a ikilisiyarmu ta Sabon Tasha, Kaduna. Baba Fasto ya ba ni minti biyar in ba da shaida, ban kai biyu ba kuka ya ci ƙarfina, ga harshen ma bai gama sakewa ba. Shi ya sa yau na sa 'yar autata ta riƙe waya, ina faɗa tana rubutawa.

Wata bakwai ke nan da faruwar abin. Ina shago da hantsi, ina haɗa bencin makaranta, sai ƙusa ta suɓuce daga hannuna na hagu. Na sunkuya zan ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Babban yaron shagona ya dube ni ya ce, "Maigida, bakinka fa ya karkace." Na buɗe baki zan ce masa ya kama aikinsa, sai na ji wani gurnani ya fito, ba magana ba. Yaron nan bai tsaya shafa mini mai ko ba ni ruwa ba, ya tare Keke Napep a bakin titin Kachia, sai asibiti. Likita ya ce wannan saurin ne ya taimake ni, don a shanyewar ɓarin jiki sa'o'in farko su ne komai. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka naka shagon.

Bari in tona kaina. Shekara uku da suka wuce aka gaya mini ina da hawan jini. Na sha magani wata biyu, na ji garau, na watsar. Ranar da aka kai ni, awon ya haura 200, alhali na mai lafiya bai cika wuce 120 bisa 80 ba. Hoton kai ya nuna jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, shi ya sa hagun ya mutu. Masu zuwa suna raɗa wa Maman yara cewa jifa ne, ku yi haƙuri, na san ƙauna ce ta sa ku. Ni na jefi kaina. Wanda kuma ya zo da kwalbar mai ya ce in an biya kaza zan tashi kafin kwana uku, na sallame shi da hannun da ya rage mini.

Duk wanda ya san ni ya san ba na roƙo. Da masaƙun Kakuri suka rufe aka sallame mu, ban je ƙofar kowa ba, na koma na koyi kafinta da furfura a kaina. Rabin bencin majami'armu ni na buga. In an yi rasuwa ni ne a gaba wajen akwati, in za a kai amarya Zonkwa ko Kagoro ni ke shirya mota. Sai ga ni kwance, Maman yara tana ba ni koko da cokali, rabi na shiga, rabi na bin gefen baki zuwa wuya, tana sharewa da bakin zaninta. Ɗana namiji ne ke ɗaga ni zuwa bayi. Ciwon jikin bai kai wannan zafi ba. Akwai daren da na juya fuska bango na ce wa Ubangiji, in haka za a ci gaba, gara ya ɗauke ni.

Mama, shekara 31 muna tare, ban san ki ba sai a wannan kwanciyar. Na yi miki tsawa ba laifin komai, kin shanye. Ki gafarta mini a gaban jama'a, tun da a gabansu na yi.

Wata ranar Laraba Baba Fasto ya zo, ya buɗe Korantiyawa ta biyu sura 12. Na sha karanta wurin nan, har wa'azi na taɓa yi a kai a sujadar asuba. Manzo Bulus yana da wata ƙaya a jikinsa, sau uku yana roƙon Ubangiji ya cire, amsar da ya samu ita ce alherinsa ya ishe shi, don a cikin rashin ƙarfi ne ikonsa yake cika. Baba ya rufe Littafi Mai Tsarki ya ce, "Dattijo, ka lura ba a cire ƙayar ba?" Gaskiya ban ji daɗi ba. Ni warkewa nake jira a yi mini alkawari. Mutumin da ta hannunsa aka warkar da gurgu a Listira, shi aka bari da tasa ƙayar.

Sai ranar da suka kawo mini Jibin Ubangiji gida na gane. Shekara goma sha ina cikin dattawan da ke zagayawa da tire, ina miƙa wa mutane. Ran nan hannun dama na rawa, na hagu a mace, ɗan ƙaramin ƙoƙon nan ya fi ƙarfina. Wani matashi da na koyar a makarantar Lahadi shi ya tallafi ƙeyata ya kai mini baki. A nan na ga ashe duk shekarun nan ina ba da alheri ne kamar daga aljihuna yake fitowa. Karɓa ce ban iya ba. Kuma tun farko ma ai karɓa ce, ba wanda ya taɓa biyan kuɗin ƙoƙon nan.

Daga ranar na daina jin kunyar masu zuwa, kuma kun zo. Zumuntar Mata, kun raba kwanaki a tsakaninku, ba ranar da kula ba ta shigo gidan nan ba, har kuka koyi miyar da ba gishiri ba dunƙule saboda ni. Ranar da kuka zo da tulu da kacau-kacau kuka cika tsakar gida da waƙa, a ranar babban yatsan ƙafata ya fara motsi. Ban ce waƙar ce ta yi ba, mai yi mini gashin ƙashi ma ta sha wahala a kaina, amma dai ranar ce. Ƙungiyar Sabon Rai, matasa, 'yan'uwa daga HEKAN da Katolika na unguwarmu da suka sa hannu a kuɗin gashi, da wanda ya biya kuɗin makarantar auta ya hana a faɗi sunansa, Ubangiji ya sāka muku.

Akwai mutum ɗaya da dole in ware. Kafin rikicin shekarar 2000 a Tudun Wada muke zaune, katanga ɗaya da wani Alhaji. Bayan rikicin muka ƙetaro kogi kamar sauran jama'a, zumunci ya koma sai gaisuwar Sallah da Kirsimeti a waya. Da ya ji labari, ya hau mota ya ƙetare gada, da ƙafarsa mai ciwo, ya zauna a bakin gadona tun azahar har la'asar ta kusa. Muka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin yara ya yi sallarsa. Da zai tafi ya tura wani abu ƙarƙashin matashina, ya ce kada in buɗe sai ya fita. Alhaji, na buɗe, na kuma yi kuka. Allah ya bar zumunci.

Yanzu ina takawa da sanda daga gida zuwa majami'a, in huta sau biyu a hanya. Hannun hagu yana nan yadda yake, ba ya riƙe ƙusa, maɓallin riga ma sai an sa mini. Ina roƙo a kansa kullum, na wuce sau ukun Bulus da nisa, ku ma ku ci gaba da taya ni. Maganin kuwa ƙarfe bakwai na safe, Mama ce ke tsaye a kai, ba ɗaga ƙafa. Maza tsarana, don Allah ku je a auna jininku, ko a kemis ne.

An buɗe shago tun makon jiya. Yara ke aikin, ni ina kan kujera ina nuni da sanda, masu bencin makaranta ku ƙara mana mako biyu. Talata da Alhamis ina wurin gashi, kada ku zo ku tarar ba na nan. Sannan akwai kula biyu, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, da muka rasa masu su. Mama ta wanke ta ajiye, mai ita ta zo ta ɗauka.