Ban ji ciwon komai ba, amma gwaji ya nuna ina da shi

Maigida ne ya shigo da wata 'yar takarda a hannu, ya zauna bakin gado ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki sai ya ce kwana huɗu ke nan yana jin zafi in zai yi fitsari, ga wani ruwa kamar mugunya yana ɓata masa wando. Ya je asibiti an gwada shi, an ce ciwon sanyi ne, irin wanda likitoci ke kira gonoriya, kuma likita ya ce lallai ni ma in je. Abin da ya gudana tsakaninmu a daren nan na bar shi tsakaninmu. Amsar da na fara ba shi ita ce: "Ni lafiyata ƙalau, me zai kai ni asibiti?"

Kuma da gaske nake. Ba ƙaiƙayi, ba fitar ruwa, ba ciwon mara. Mu mata komai ya same mu daga cibiya zuwa ƙasa sai mu ce sanyi ne, to ni a tunanina wadda ba ta jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta da shi. Kwana biyu ina jan ƙafa. Har na raya a zuciyata in nemi ƙwayoyi in sha a ɓoye, in huta da kunyar tsayawa gaban wani.

Ranar da na je, wata ma'aikaciyar jinya dattijuwa ce ta karɓe ni. Ta ja labule, ta sassauta murya. "'Yata, yaushe rabonki da al'ada? Kin sha wani maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan? Yaushe rabonki da fitsari?" Tambaya ta biyu ta sa gabana ya faɗi, domin ta ce da na sha, yana iya danne ƙwayar har gwaji ya kasa ganinta alhali ba ta mutu ba. Shi kuwa fitsari, ana son mutum ya yi aƙalla awa ɗaya bai yi ba, kuma na farkon da ya fito ake tara, saboda shi ke wanko ƙwayar daga hanyar fitsari.

Ni dai ba fitsarin aka ɗauka ba. Ta ce ga mace tsinken auduga ya fi kamawa. Ta miƙo mini wani siririn tsinke mai auduga a kai da 'yar kwalba, ta nuna mini da yatsa iya inda zan shigar, ta ce in juya shi a hankali in ƙirga zuwa ashirin, in sa a kwalbar in rufe. Da kaina na yi a bayi, babu wanda ya gan ni, babu zafi. Abin da na kwana biyu ina tsoro bai kai minti ɗaya ba. Ta kuma tambaye ni, ba tare da ta canza fuska ba, ko akwai dalilin duba maƙogwaro ko dubura, don ƙwayar tana zama a can ma, kuma fitsari ba ya nuna ta. Aka ɗebi jinina don gwajin ƙanjamau da tunjere.

Tun da an tabbatar da ita a jikin maigida, ba a jira sakamako ba. A ranar aka yi mini allurar ceftriaxone guda ɗaya a ɗuwawu. Na tambayi likita me ya sa ba ƙwaya ba. Ya ce wannan cuta ta riga ta gagari magunguna da dama da aka saba ba da su a da, irin su penicillin da tetracycline da ciprofloxacin, kuma shan magani barkatai na cikin abin da ya jawo hakan. Nan na tuna da ƙwayoyin da na so nema.

Bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito: ina da ita. Sauran gwaje-gwajen, har da na kilamidiya, wata cutar da ita ma ake ɗauka ta hanyar saduwa, da aka duba a tsinke ɗaya, babu komai. Likita ya ce mata da yawa haka suke ɗauke da ita shiru, tana hawa zuwa mahaifa da bututun ƙwai, ta bar tabon da ke toshe hanya, daga nan sai rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa. Mai juna biyu kuma tana iya shafa wa jariri a ido lokacin haihuwa, har ta makantar da shi. Ina son ƙarin haihuwa, don haka maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Daga baya na ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a 2020 kaɗai an samu sababbin kamuwa sama da miliyan 82 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, na yi ta tunanin nawa ne a cikinsu suka ce lafiyarsu ƙalau kamar yadda na ce.

An ce mu ƙaurace wa juna kwana bakwai bayan an yi wa kowannenmu magani, mu kuma dawo bayan wata uku a sake gwadawa, domin warkewa ba ta hana sake kamuwa. Na rubuta ranar a bayan katin asibiti. Da ta zo ni na tashe shi da safe, muka tafi tare, wannan karon kuma ni na fara karɓar tsinken.