Zanen Dali da ya hana ni barci

Jiya da daddare aka ɗauke mana wuta nan Yalwa, zafi ya hana barci, ina ta latse-latsen waya sai na ci karo da wani zane na Salvador Dali, mutumin Sifen ɗin nan mai gashin baki kamar wutsiyar kunama. A 1937 ya yi shi, yanzu yana gidan ajiyar zane na Tate a Landan. Tatsuniyar Girkawa ce ya ɗauko, ta Narsisus, saurayin da ya wulaƙanta duk mai sonsa, ran nan ya leƙa ruwa ya ga fuskarsa ya kasa tashi har ya mutu a wurin, fure ya tsiro a inda yake.

To Dali kam bai zana shi kai tsaye ba. A hagu ga yaron durƙushe bakin ruwa ya ɗora kai kan gwiwa, a dama kuma siffar nan dai ce sak, amma ta koma hannun dutse riƙe da ƙwai, ƙwan ya tsage furen na fitowa, ga tururuwa na hawa babban yatsa. Wallahi na fi minti goma kafin idona ya gane gwiwar ce ta zama yatsa, kan kuma ƙwai. Haka 'yan suriyalizim suke, wato masu zane da rubutu mai kama da mafarki, tun da jagoransu André Breton ya fitar da manufarsu a Faris a 1924 mafarki suka sa gaba, shi ya sa ma Dali ya kinkimi zanen nan ya kai wa Sigmund Freud, likitan nan mai nazarin mafarki, a Landan a 1938.

Mu dai muna cewa so duka so ne amma son kai ya fi, kuma duk da haka a ce maka mai son kai zagi ne. Ni a ganina yaron nan ma ba kansa yake so ba, inuwa yake so, tunda ko fuskarsa Dali bai nuna mana ba, ya kifa ta.

Da safe na nuna wa Goggo, ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido ta ce "kai ɗan nan, wannan ai 'yan ruwa ne suka kama shi, wa ya aike shi bakin rafi shi kaɗai?" Na ce Goggo ai mun je ruwan Wikki na Yankari da ke, kin leƙa. Ta ce ita yashi ta gani a ƙasa.