Wuƙaƙe huɗu da tabon da ke yatsana

Wata 'yar wuƙar aljihu ce ta bar mini tabon da ke ɗan alina na dama. Ina ƙoƙarin huda jarka da tsininta, na danna da ƙarfi, sai ruwan wuƙar ya naɗe ya dawo kan yatsana. Irin wadda ba ta da makulli ce, sifirin ne kawai ke tokare ta idan an buɗe. An yi ta ne don yanka igiya da ɓare lemo, ni kuwa na sa ta aikin basilla. Tun daga ranar, duk wuƙa mai naɗewa da ta shigo hannuna, kafin in duba kaifi sai na duba abin da ke hana ta rufewa.

Bara na haɗa guda huɗu na yi ta aiki da su a gona, sannan na kai uku daga cikinsu fiɗar ragon layya.

Ta farko Okapi ce da na gada wurin Baba. Asalinta daga Jamus ne, daga baya aka koma ƙera ta a Afirka ta Kudu. Tana ƙaras-ƙaras idan ana buɗe ta, kuma sai ka ja zoben da ke gadon bayanta kafin ta rufe. Ƙotarta siririya ce, tana cika hannu ne kawai idan aikin ba mai nauyi ba ne.

Ta biyu Opinel mai lamba 8, 'yar Faransa, wadda wani ɗan'uwa ya kawo mini tsaraba daga Yamai. Makullinta zoben ƙarfe ne a wuyan ƙota, da aka ƙara mata a 1955. Ka buɗe, ka murɗa zoben, ya tare hanyar komawa. Babu sifirin ko ɗaya a cikinta, kuma wannan sauƙin ya burge ni ƙwarai. Ƙotar itace ce mai kauri, zagayayya, tana zama a tafin hannu kamar ƙotar lauje. Itace dai ba ya barin halinsa: da damina yakan sha danshi ya kumbura ya riƙe ruwan wuƙar, sai ka buga gindin ƙotar a kan benci ta saki.

Ta uku Buck 110 ce ta Amurka, samfurin da ya fito a 1964, aro na yi. Makullinta a baya yake: wani dogon ƙarfe mai ƙugiya yana faɗawa cikin tsaga a gindin ruwan wuƙar, za ka ji ƙas. Ita ce na fi amincewa da ita. Amma tana da nauyi a aljihu, rufe ta kuma sai da hannu biyu.

Ta huɗu a kasuwa na saye ta, ba ta da wani suna. Tana da makullin ciki irin wanda wani maƙerin wuƙaƙe, Michael Walker, ya inganta a 1980: wani falle na ƙarfe a cikin ƙota yana zamewa ya tokare gindin ruwan. Da hannu ɗaya kake buɗewa ka rufe, abin da ke da daɗi idan ɗaya hannun yana riƙe da buhu. Sai dai wajen rufewa babban yatsanka yana kan hanyar kaifi, kuma bahago zai sha wahala da ita. Na buga bayanta a hankali a jikin katako don gwaji, a bugu na uku fallen ya zame. Na ajiye ta, ba ta je wurin fiɗa ba.

A wurin fiɗa ne na gane cewa na fi damuwa da makulli fiye da kima. Da hannuna ya jiƙe da jini da kitse, Buck mai sulɓin ƙota da bakin tagulla ta riƙa juyawa a tafina, har na ji tsoron kada yatsana ya zame ya hau kaifi, alhali makullinta ko motsi bai yi ba. Opinel ta fi zama, domin itacenta na da ɗan kaushi kuma gindinta ya buɗe yana tokare ƙaramin yatsa. Mahaucin da ke taya mu ya ce, "Alhaji, wannan aikin na wuƙar kube ne," ya miƙo mini tasa. Gaskiya ya faɗa, domin daga baya na ɗauki lokaci ina tsokale kitse da tsinke daga cikin kowace tsaga.

Yanzu Opinel ce a aljihuna idan zan tafi gona. Na goge ƙotarta da samfefa, na shafa mata man gyaɗa kaɗan saboda danshi. Okapin Baba tana cikin akwati, na mayar wa mai Buck kayansa.