Muryar Yankees a akwatin tsofaffi

Shagona yana unguwar Bronx a birnin New York, ba nisa da filin wasan Yankees, ƙungiyar ƙwallon besbol, kuma sana'ata ita ce ceto murya daga tsohon faifai da kaset. Yawancin masu sallama mini 'ya'ya ne da jikokin masoya ƙwallon besbol. Tsoho ya rasu, an buɗe akwatinsa, sai ga faifan zare jibge, kowanne ya rubuta masa shekara da fensir.

Gidajen rediyo da talabijin na wancan zamani ba su damu da ajiye wasa ba. Zare na da tsada, sai a goge a ɗora wani a kai. Da yawa daga abin da ya tsira na sharhin Mel Allen da Red Barber da Phil Rizzuto, masu sharhin wasannin Yankees, masu sauraro ne suka naɗa a ɗakunansu. Ko wasan ƙarshe na World Series, gasar fidda zakaran besbol ta Amurka, na 1960, da Pittsburgh Pirates suka ci Yankees 10 da 9, sai a 2009 aka tsinci cikakken hotonsa a ɗakin ajiyar giya na mawaƙi Bing Crosby.

In an kawo mini faifai, hanci nake fara sawa. Wanda ke tsami kamar ruwan kal tsohon zare ne da ya fara lalacewa, wuta ba ta kusantarsa. Na shekarun 1970 da 1980 kuwa danƙo yake yi, in ka ɗora shi a na'ura haka nan sai murya ta goge a jikin ƙarfe. Wannan gasa shi nake yi a zafin da ya kai digiri 54 na ma'aunin Celsius, na tsawon sa'o'i, ya huce, sannan in juya shi sau ɗaya zuwa kwamfuta. Rikodar gida ba ta riƙe gudu daidai, shi ya sa nake bin gurnanin lantarkin Amurka da ya shiga cikin zaren, mai bugu 60 a daƙiƙa, har muryar mai sharhi ta koma mazauninta.

Haƙurin nan a Zangon Kumasi na koya, a rumfar kawuna mai gyaran rediyo. Da biro muke nannaɗe kaset, da jan farce muke haɗa zaren da ya tsinke, kuma in hannunka na rawa sai ya ce tashi ka ba ni wuri.

Masu ɓata mini rai su ne 'yan aikin arha. Su danna maɓalli ɗaya a manhaja wai sun cire hayaniya, sai su kwashe ihun 'yan kallo, da ƙarar sanda in ta daki ƙwallo, su yanke tallar sigari da ke tsakanin zagaye. To me ya rage? Daga baya mai kaya ya zo mini yana cewa can rabin kuɗina aka karɓa. Nakan sa masa nasu a kunne, in sa masa nawa, in yi shiru. Tsiyar ita ce wani lokaci zaren sun riga sun kankare shi, babu abin da zan iya dawowa da shi.